Garin Neman Gira: Tarihin Aikin Ido a Ƙasar Gaya, Daga Allura Zuwa Leza

 

Abin da ya jawo rubutun yau tambayoyi biyu ne da suka same ni cikin mako guda. Ta farko daga ɗan yayana ce, matashi mai shekara 24 da ya gama jami'ar Wudil. Tun yana aji uku na sakandare yake sa tabarau, in ya cire ba ya gane fuskar mutum daga tsallaken titi. Wani abokinsa da ke karatu a Alƙahira ya turo masa takardar farashin wani asibiti mai ɗauke da sunaye uku, PRK da LASIK da SMILE, kowanne da kuɗinsa. Ya same ni da waya a hannu ya ce, "Baffa, wanne zan zaɓa? Ni dai ina ganin mai tsadar nan shi ne mai kyau."

Ta biyu daga gwaggona ce da ke wani ƙauye a yankin Ajingi. Yana ta rufe mata idon dama, na hagun ma ya fara hazo. 'Ya'yanta sun kasa haɗa baki. Wasu na cewa a kai ta Kano a yi mata "aikin leza" komai tsadarsa, wasu na cewa a jira masu aikin kyauta, ƙaraminsu kuma ya ji labarin wani mai magani da ke zuwa har gida ya buɗe ido a zama ɗaya. Ita kuwa abin da ta ce da ni shi ne, "Ɗan nan, ni dai wanda ba za a kwantar da ni ba."

Ni ɗalibin tarihi ne, aikin likita yana hannun masu shi. To amma da na zauna da tambayoyin nan sai na ga tsofaffi ne. Kakanninmu sun yi su a wannan ƙasa tamu, sun ba da amsa, wasu kuma sun biya kuɗin amsar da idanunsu. Shi ya sa na ga ya dace mu bi sawun labarin tun daga tushe.

ZAMANIN ALLURA

Mu mutanen Gaya muna alfahari da ƙarfe. Ruwayar da aka gada ta ce maƙeran Gaya, wato Abagayawa, su ne suka je gindin Dala neman tama, kuma sunan ɗaya daga cikinsu, Kano, shi birnin ya ɗauka. Ƙarfen da maƙeri ya sarrafa ya shiga gona, ya shiga fagen fama, ya kuma shiga jikin mutum ta hannun wanzami mai aska da mai sakiya. A cikin masu irin wannan sana'a, waɗanda aka fi jin tsoro kuma aka fi sa wa rai su ne masu taɓa ido.

Kafin a gane aikinsu sai an ɗan san ginin ido. A can gaba akwai wata fata garai-garai mai kama da gilashin agogo da ta lulluɓe baƙin ido, likitoci na ce mata koniya. Kaurinta rabin milimita ne da 'yar ɗoriya. Bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi mai girman ƙwayar wake. A can ƙurya kuma akwai bangon da hoto ke sauka a kansa, daga nan jijiya ta kai saƙo ƙwaƙwalwa. Hakiya tabo ce a kan koniya. Yana dusashewar madubin ciki ce. Hawan jinin ido jijiyar yake ci. Rashin hangen nesa irin na ɗan yayana kuwa yana zuwa ne in tsawon ido da lanƙwasar koniya ba su dace da juna ba, sai hoton ya haɗu kafin ya kai bango. A riƙe wannan, domin duk sauran labarin a kansa ya ginu.

Mai cire yana na gargajiya yawanci baƙo ne mai yawo gari-gari. Yakan zaunar da mara lafiya, wani ya riƙe kai, sai ya soka siririn tsinke ta gefen farin ido ya tura madubin da ya dusashe har ya faɗa cikin ƙuryar ido. Nan take haske ya shiga. Tsohon da ya shekara uku ana jan sa da sanda sai ga shi yana ƙirga yatsu, mata su rangaɗa guɗa, a ba da akuya ko damin gero. Kwana biyu ko uku baƙo ya ƙara gaba.

Abin da ke biyo baya ba ya faruwa a gabansa. Idon da ba madubi yana ganin haske da inuwa, amma ba ya tantance abu sai da tabarau mai kaurin gaske. Madubin da aka tura yana nan a ciki, yakan tayar da kumburi ko hawan jinin ido, tsinken kuma yakan shigar da ƙwayoyin cuta. Kakana na wajen uba an yi masa wannan aiki a 1973, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira. Mahaifina ya ce ya yi kamar sati biyar yana fita masallaci shi kaɗai, sannan ciwo ya taso, idon ya mutu. An bi kasuwanni ana cigiyar mutumin har Wudil, ba wanda ya san inda ya nufa. Abin da ya fi cin ran mahaifina shi ne, da yana ta kama ɗaya idon, tsohon ya rantse ba mai ƙara taɓa shi, ko boka ko likita. Haka ya rasu ba ya gani, alhali a lokacin akwai inda ake gyara irin idonsa a Kano.

ABIN DA MAGABATA SUKA SANI

Adalci ne a faɗi cewa a zamaninta wannan dabara ita kaɗai ake da ita, kuma duniya duka ta yi amfani da ita, daga Indiya zuwa Rum zuwa ƙasashen Larabawa. Likitocin Musulmi sun san illarta, sun kuma nemi abin da ya fi ta. Wajen shekara ta 1000 Miladiyya, Ammar ɗan Ali al-Mausili, mutumin Iraƙi da ya yi aiki a Masar, ya ƙera allura mai rami a ciki domin a zuƙo yana mai laushi waje maimakon a tura ta ciki. A Bagadaza kuma Ali ɗan Isa ya rubuta Tazkiratul Kahhalin, littafin da likitocin ido suka daɗe suna karantawa. Kalmar kahhal, wato likitan ido, daga kuhl ta fito, shi ne kwallin da iyayenmu mata ke sa wa jarirai har gobe. A nan ƙasar Hausa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce kan likitanci, daga cikinsu har da na ciwon ido.

Duk da haka makanta ta yi yawa a ƙasarmu har ta samu tsari irin na sarauta. Akwai Sarkin Makafi, akwai unguwar Makafin Dala a birni. Ƙyanda tana barin yara da hakiya, amosanin ido yana juyar da gashin ido ciki ya riƙa gogar koniya, yana kuma tana jiran duk wanda ya tsufa.

A Turai, wani likita Bafaranshe mai suna Jacques Daviel ya fara fitar da madubin da ya dusashe waje gaba ɗaya a 1747. Daga nan hanya ta rabu biyu: masu turawa ciki da masu fitarwa waje. Hanya ta biyu sai da ta yi kusan shekara 200 kafin ta zauna daram a Kano.

ASIBITIN 1943

A 1943 ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe asibitin ido a Kano ƙarƙashin Dakta Douglas Hursh, shi ne wanda yau ake kira Asibitin Ido na ECWA. Sunansa ya yi nisa har mutane na zuwa daga Nijar da Chadi. Daga wannan lokaci mutumin Gaya ko Ajingi ya samu zaɓi na gaske, sai dai zaɓin yana da nauyi. Sai an samu mai jan makaho ya bar gonarsa, a bi ta Wudil a shiga birni, a nemi masauki, a jira layi. Aikin yana na wancan zamani a ko'ina a duniya babban yanka ne, ana kwantar da mutum kwanaki ba ya motsa kai, in ya warke kuma sai ya rayu da tabarau mai kauri wanda in ya fashe gani ya tafi da shi. Wasu kuma na ɗari-ɗari saboda asibitin na mishan ne.

A auna wannan da baƙon da zai zo har zaure ya gama aiki kafin azahar, ya karɓi akuya. Wanda ya zaɓi baƙon yana da hujjarsa. Lissafinsa daidai ne a ranar aikin, kuskuren yana ɓoye a cikin watannin da ke tafe. Maganar gwaggona ta "wanda ba za a kwantar da ni ba" gadon wancan zamani ce.

Abin da ya sauya lissafin ya ratsa ta Afirka ta Yamma. A 1941 an turo wani likitan sojan Ingila, Harold Ridley, zuwa ƙasar da yau ake kira Ghana, inda ya je har Funsi a arewacin ƙasar yana nazarin makantar da ƙudan bakin rafi ke jawowa. Shi ne kuma ya lura cewa matuƙan jiragen yaƙi da ɓarɓashin robar murfin jirgi ya shiga idonsu, idon ba ya ƙin robar. A ranar 29 ga Nuwamba 1949, a asibitin St Thomas da ke Landan, ya yi aikin farko na sa madubin roba a gurbin wanda yana ta ɓata. Abokan aikinsa sun daɗe suna sukar sa. Bayan shekaru dabararsa ta zama ita ce ƙa'ida, sai dai madubin ya fi ƙarfin talaka, har sai da aka fara ƙera shi da araha a Indiya a 1992, sannan a Nepal da Eritiriya.

A 1967 Charles Kelman a Amurka ya fito da na'urar da ke farfasa yana da girgizar sauti ta zuƙe ta ta ƙaramar kafa, ana kiran aikin fako. A Asiya kuma likitoci suka inganta aikin hannu mai ƙaramin yanka wanda ba ya buƙatar ɗinki ko na'ura mai tsada. A 2007 aka wallafa wani gwaji da Dakta Sanduk Ruit da abokansa suka yi a Nepal, inda aka gwada hanyoyin biyu a kan yana da ta nuna sosai, aka samu sakamakonsu kusan ɗaya.

A gida kuma wuraren zuwa suka ƙaru. Dokar soja ta 1979 ta kafa Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, aka kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988, ga sashen ido na Asibitin Murtala, ga Asibitin Ido na Makka da gidauniyar Al-Basar ke gudanarwa.

ABIN DA ƘIDAYA TA NUNA

Mai karatu zai zaci da zuwan waɗannan allura ta zama tarihi. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007, wanda aka duba sama da mutum 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, ya nuna akasin haka. An samu kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, wato kimanin mutum miliyan 1.13 a faɗin Najeriya. Yana ce ta jawo kashi 43 na makantar, hawan jinin ido ya biyo da kashi 16.7. A cikin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, kashi 42.7 da allurar gargajiya aka yi, kuma kashi 73.1 na waɗannan idanu an same su a makance. Abin ya fi yawa a Arewa da ƙauyuka. Binciken ya kuma nuna cewa babban dalilin raunin gani wanda bai kai makanta ba shi ne rashin tabarau da ya dace.

Wato shekara 60 da buɗe asibitin Kano, baƙo mai allura yana nan yana cin kasuwa, saboda har yanzu shi ne ya fi kusa.

YADDA HASKE YA ZAMA ASKA

Labarin ɗan yayana wani reshe ne daban. Shi madubinsa na ciki garau yake, abin da ake so a gyara shi ne lanƙwasar koniya domin ya rabu da tabarau. Wannan buri ma da ƙarfe aka fara shi, kuma an yi tuntuɓe.

Wani likita a Japan, Tsutomu Sato, ya riƙa tsaga koniya ta ciki a shekarun 1940 da 1950. Mutane suka gani da kyau, bayan shekaru koniyar da yawa daga cikinsu ta kumbura ta yi fari, domin a lokacin ba a san amfanin siririn shimfiɗin da yake yankawa ba. A shekarun 1970 Svyatoslav Fyodorov a Mosko ya koma tsagawa ta waje, tsaga-tsaga kamar sifokin keke. Aikin ya yi tashe har Amurka. Da aka bi sawun waɗanda aka yi wa tsawon shekara goma, rahoton 1994 ya nuna kashi 43 na idanun sun ci gaba da sauyawa zuwa ɗaya ɓangaren, wato matsalar ganin kusa. Su ma ranar aiki murna suka yi, kamar kakana.

Leza haske ne da aka tattara wuri guda. An fara kunna ta a 1960. A 1981 wasu masu bincike a kamfanin IBM, cikinsu har da Rangaswamy Srinivasan, suka gwada wata irin leza a kan ragowar naman talotalo, suka ga tana ɗauke nama siriri-siriri ba tare da ta ƙona gefensa ba. A 1983 Stephen Trokel ya gwada ta a idon shanu. A 1988 Dakta Marguerite McDonald ta yi aikin PRK na farko a idon mutum mai gani a New Orleans. Wajen 1990 Ioannis Pallikaris a tsibirin Kirit na ƙasar Girka ya haɗa leza da dabarar ɗaga murfi, ya sa wa aikin suna LASIK. Amurka ta amince da PRK a 1995. SMILE shi ne auta, a Jamus aka fara shi, Amurka ta amince da shi a 2016.

KALMA ƊAYA, AYYUKA DA YAWA

A bakin mutanenmu yau "aikin leza" na nufin duk aikin ido na zamani, kuma nan ruɗani yake farawa. Aikin fako da 'ya'yan gwaggona ke kira leza, da sauti ake yin sa. Lezar gaske tana shigowa ne bayan aikin yana, in jakar da aka zaunar da madubin roba a ciki ta yi hazo, sai a huda ta da haske cikin 'yan mintoci. Akwai wata lezar ta masu ciwon suga, wadda ake ɗaure jijiyoyin jinin bangon ido da ita domin kada su fashe. Akwai ta hawan jinin ido, wadda wani gwaji a garin Moshi na Tanzaniya da aka wallafa a 2021 ya nuna ta fi ɗigon timolol riƙe matsin ido tsawon shekara guda. Waɗannan biyun tsare ragowar gani suke yi, abin da jijiya ta riga ta rasa ba ya dawowa. Sannan akwai lezar rabuwa da tabarau, ita ce mai sunaye ukun nan.

Duk wanda aka ce za a yi masa leza, tambayarsa ta farko ita ce: wace cuta ce a idona, kuma wane sashe za a taɓa?

SUNAYE UKU NA TAKARDAR ALƘAHIRA

Dukansu koniya suke sassaƙawa, bambancin yana ga yadda ake isa gare ta.

A PRK ana goge siririyar fatar sama, leza ta sassaƙa, a rufe da ɗan madubin roba mai laushi har fatar ta tsiro. Akwai zafi da hawaye na kwanaki, gani kuma yana ɗaukar makonni kafin ya daidaita. Zafin rana yana iya sa wurin ya yi hazo, don haka sai an lazimci baƙin tabarau. Amfaninsa shi ne ba a bar wani murfi a ido ba, kuma ya fi dacewa da mai siririyar koniya.

A LASIK ana yanka murfi siriri a ɗaga shi, a sassaƙa ƙasansa, a mayar. Mafi yawa washegari suna gani tar, zafin kuma kaɗan ne, shi ya sa ya fi farin jini. Sai dai murfin ba ya komawa da ƙarfinsa na asali, duka mai ƙarfi zai iya gusar da shi ko bayan shekaru. Ɗan dambe da soja da mai aikin da abu ke yawan faɗa masa a ido su yi tunani. Yana kuma jawo bushewar ido na watanni, wasu ma ta zarce, wasu kuma su riƙa ganin kewayen haske a fitilun mota da dare. Wanda ya san hunturun Ajingi da ƙaiƙayin sussuka ya san bushewar ido ba ƙaramar magana ba ce a nan.

A SMILE leza tana yanka wani ɗan faifai a cikin naman koniya, likita ya zaro shi ta kafa mai faɗin milimita biyu zuwa huɗu. Ba murfi, bushewar ma takan yi sauƙi. An fi yin sa ga masu rashin hangen nesa, na'urarsa tana da tsada, kuma shi ne mafi ƙarancin shekaru da za a waiwaya a duba.

Tsada ba ta nuna wanda ya dace da idon mutum. Awo ne ke nunawa. Dole a ɗauki taswirar koniya a auna kaurinta, a duba bushewa da matsin ido, a faɗaɗa baƙin ido a leƙa bango. Dole mutum ya wuce shekara 18, lambar tabaraunsa kuma ta tsaya wuri guda aƙalla shekara. Mai ciki da mai shayarwa su jira, haka mai sugan da bai daidaita ba. Akwai kuma wata larura da koniya ke sirancewa ta yi tsini, wadda ke da alaƙa da yawan murza ido. Yaranmu da yawa sun tashi da ƙaiƙayin ido na ƙura suna murzawa. Irin wannan ido in aka yi masa LASIK zai iya lalacewa har ya kai ga dashe.

Abubuwa biyu kuma ba a cika faɗa ba. Na farko, leza ba ta hana raunin ganin kusa da ke zuwa bayan shekara 40, mai son karanta Alƙur'ani ƙaramin bugu zai koma tabarau a lokacin. Na biyu, koniyar da aka sassaƙa tana sa na'urar awon matsin ido ta nuna ƙasa da gaskiya, ga shi hawan jinin ido ya fi kama baƙar fata, kuma shiru yake cin gani. In tsufa ya zo da yana ma, lissafin madubin roba yana buƙatar a san abin da aka yi a baya. Saboda haka takardun awon farko abin adanawa ne kamar takardar gona.

WA ZA KA SAMU BAYAN AIKI?

In aka jera labarin tun daga zauren kakana zuwa takardar Alƙahira, abu ɗaya ke maimaituwa. Kowane zamani yana da aikin da ya fi sauri da daɗin ji, kuma ranar aiki kusan kowa murna yake yi. Hukuncin gaskiya yana zuwa ne a sati na biyar, ko shekara ta goma. Laifin baƙo mai allura bai tsaya ga tsinkensa ba. Bai duba ko yana ce ko wata cutar ba, kuma da ciwo ya tashi ba a same shi ba. Yau matashin da ya hau jirgi zuwa Masar ko Indiya, aka yi masa aiki ya juyo bayan kwana uku, ya maimaita rabin wannan labari, sai dai wannan karon shi ne ya tafi ya bar likitan. Ko a Legas ko Abuja za a yi, sai an san wa zai duba idon bayan sati, bayan wata, bayan shekara, kuma ya yarda tun kafin a tafi.

Don haka abin da na gaya wa mutanena biyu kusan ɗaya ne. A fara zuwa inda za a auna a faɗi sunan cutar. A tambayi likita dalilin da ya sa wannan aikin ya dace da wannan idon, da abin da zai iya faruwa in bai yi kyau ba. A tambaya yaushe za a dawo, da yadda za a yi da alwala da sujada da shiga gona a kwanakin farko. Likitan da ya ce "idonka bai dace ba" alhali ga kuɗi a hannunka, ka riƙe shi da kyau. A kuma guji sayen ɗigon ido a kemis ba da izinin likita ba, domin wasu daga ciki suna tayar da matsin ido.

Gwaggo an kai ta Kano. Aka auna, aka tabbatar yana ce kuma jijiyarta lafiya lau, aka yi mata aikin hannu mai ƙaramin yanka aka sa madubin roba. Kwana ɗaya ta yi. Da na je gaishe ta na tarar tana tsince tsakuwa a shinkafa, tana faɗan cewa ashe duk shekarun nan jikokinta ba sa share tsakar gida da kyau. An ba ta ranar komawa, na kuma ɗora wa babban ɗanta alhakin kai ta.

Ɗan yayana kuwa bai samu abin da yake so ba. Awo ya nuna koniyarsa ta hagu siririya ce kuma taswirarta ba ta kwanta wa likita a rai ba. Aka ce ya daina murza ido, aka ba shi maganin ƙaiƙayi, ya dawo bayan wata shida a sake aunawa. Har yanzu yana sanye da tabaraunsa, yana kuma ɗan fushi da ni. Na ce masa ya yi haƙuri, Hausawa sun daɗe da gargaɗin kada garin neman gira a rasa ido, kuma a gidanmu mun san wanda ya rasa.

Ina roƙon 'yan uwa na Kademi, Shagogo, Gamarya, Toranke, Balare, Gurduba da sauran garuruwanmu, duk mai dattijo a gida da ya ga zamanin masu allura ko ya je asibitin Kano a shekarun baya, ya zauna da shi ya rubuto mana abin da ya gani, ba sai an ambaci sunan kowa ba. Wanda kuma yake da tsoho mai hazon ido a gida, ya kai shi a auna kafin wani baƙo ya riga shi sallama a zaure.

Allah ya ƙara wa marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya bar mu da ganinmu da jinmu har ƙarshen rayuwa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.